Sunan da Aka Kira a Bakin Kasko

Rawar jiki ba ɗaya ba ce, kowace da sunanta. Wadda sanyin gulbi ke sa masunci, rawar ɗari ce, a hura masa wuta. Ta zazzaɓi makyarkyata, a lulluɓa wa mutum zane. Ta tsufa, wagga da ke hannuna yanzu, kakkarwa. Duk waɗannan matsowa ake yi. Guda ɗaya ake gudu, farfaɗiya, don mun tashi ana ce mana in miyan mai ita ya taɓa ka, ka ɗauka.

Shekarar da soja suka sauka daga mulki, muna suyar kifi a kasuwar Gummi, ni da ɗiyata, cikinta wata takwas. Tun safe take cewa, "Inna, kaina kamar ana sara." Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na ce ciki ne, na tafi sayen icce.

Ina dawowa na hango ta. Ido ya juye, jiki na fizga kamar kazar da aka yanka. Mata uku na riƙe da ita. Sai mai fura, maƙwabciyar rumfarmu, ta ƙwala ihu: "Farfaɗiya ce! Ku kiyayi miyau!"

Suka sake ta. Su ukun, lokaci guda.

Ta faɗa kaskon, mai na tafasa. Na ji ƙarar, irin ta kifi in an jefa shi. Na watsar da icce, na tura hannuwana cikin man na ɗago ta, fatar damtsenta ta biyo tafina. Na cusa yatsa a bakinta kar ta ciji harshe, ta datse shi har ƙashi. Miyau da jini suka wanke ni. Ina kururuwa, "Ku kama mini, don Allah!" Kasuwa ta kewaye mu tana kallo. A baya na goya ta.

A asibiti wata malamar jinya ta ce jijjigar masu ciki ce, kuma ko farfaɗiyar ba a ɗaukar ta a miyau. Aka ciro jikata da rai. Uwar ta kwana uku, ta cika.

Ranar sadakar uku mai fura ta zo gaisuwa. Na kurɓi ruwa a moɗa, na miƙa mata da hannun nan mai guntun yatsa. Ta dubi bakin moɗar, ba ta karɓa ba. Ban janye ba. Jikinta ya ɗauki ɓari, har zanenta na motsi.

Ita ma wannan rawar, matsowa ake yi, a dafa mutum. Ban dafa ta ba.