Malam Lawal Akanta da gyaɗa takwas

Ina wanke mota a tasha da safen nan aka ce mini Malam Lawal Akanta ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda ba su san shi ba, tsohon akanta ne na ƙaramar hukuma, maƙwabcinmu a nan Daura. Ni kuwa direba ne, Daura zuwa Kongolam. In ya shiga motata sai ya biya, ko na rantse. Ya ce man fetur ba da ruwa ake sayensa ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne rigimata da Yaya Sabi'u, wana, dillalin motoci. Na kai masa tsohuwar motata muka yi musaya, na yi ciko na karɓi wata. Tsohuwar, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu na saye ta, shi kuma ya yi mata kuɗi dubu ɗari huɗu. Daga baya 'yan tasha suka zuga ni, wai ya cuce ni dubu ɗari takwas. Kun san ni da zuciya. Na daina gaishe shi, na ce sai gaban alƙali. Innarmu har abinci ta daina ci.

Malam ya kira ni ƙofar gidansa. Na zaci wa'azi zai yi. Ina! Gyaɗa ya ɓare, ya jera ƙwaya takwas a kan tabarma.

"Motar haya irin taka shekara takwas take yi. Kowace ƙwaya shekara ce, dubu ɗari da hamsin. Shekara nawa ka yi kana lodi da ita?"

Na ce biyar.

"To, ci biyar."

Na cinye, ina jin haushi.

"Saura uku, dubu ɗari huɗu da hamsin ke nan. Ita ce darajar motar ranar da ka kai ta. Ya ba ka ɗari huɗu. Asara ka yi, ban ce ba ka yi ba, amma dubu hamsin ce. Sauran kai ka cinye, da kai da iyalinka. Haba Habu, a kan sulusin gyaɗa za ka kai ɗan uwanka kotu?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Daga nan gidan Yaya na wuce.

Ganinmu na ƙarshe da Malam, na je duba shi da jiki. Ya rame sosai, amma tsokanar tana nan. Ya tambayi Inna, ya tambayi mota. Na ce Allah zai tashi kafaɗunsa. Ya yi murmushi ya ce, "Habu, ni tawa gyaɗar na ci, kuma ta yi daɗi. Alhamdulillahi."

Na yi dariya a lokacin. Yau na kasa.

Yanzu Yaya ya bugo waya yana kuka, ya ce in biyo in ɗauke shi mu tafi jana'iza tare, Inna ma za ta shiga wajen iyalin Malam. Ba don bawan Allahn nan ba, da yau kowa hanyarsa daban.

Ya Allah, Malam ya ɗinke zumuncin gidanmu, Ka sada shi da rahamarKa, Ka yafe masa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.