Ƙofar da Nafi'u ya huda a jikin murhu

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Nafi'u, abokina kuma abokin bincikena, amma har yau ban san ko na riƙe masa amana ko na ci ba.

Tare muka yi digiri na biyu a fannin injiniya a nan Wudil, kuma aiki ɗaya aka haɗa mu: mu ƙera murhun da zai rage cin itace. Murhun gargajiya mai duwatsu uku yawancin zafinsa iska yake bi, kaɗan ne ke isa gindin tukunya. A lissafinmu, duk zafin da bai shiga tukunya ba sunansa ɗaya, asara. Muka kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayin shinkafa, muka gina murhu rufaffe, muka yi ta tafasa ruwa muna aunawa har abokanmu suka sa mana suna masu shayi. Ni mutum ne mai son lamba ta fito daidai. Shi kuwa Nafi'u akwai surutu, ko ma'aunin zafi ya riƙe sai ya yi masa hira.

Da murhun ya yi kyau a ɗakin gwaji, muka kai shi Lajawa gidan gwaggonsa, Gwaggo Tabawa, mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Itacenta ya ragu, hayaƙi ya ragu, muka dawo muna ta washe baki. Bayan mako uku muka koma, muka tarar da ita fuska ba walwala. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

"Nafi'u, wannan murhun naku marowaci ne," in ji ta. "Yana cinye itace ƙurmus, sai toka. Da can duk safiya matan maƙwabta a nan suke ɗiban wuta, a gaisa, a ji lafiyar juna. Yanzu ko mace ta zo da kaskonta, ta ina zan ba ta? Sun daina shigowa."

Ni dariya na yi, na ce a saya musu ashana. Nafi'u bai yi dariya ba. Washegari na ga ya soke kalmar asara a wani layi na jadawalinmu, ya rubuta rabon maƙwabta. Muka yi cacar baki sosai. Na ce masa mu injiniyoyi ne, babu mai jarrabawar da zai karɓi zumunci a matsayin lissafi. Ya ce to ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba mu shirya a kan maganar ba har zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Allah ya jiƙansa.

Ni na ƙarasa aikin. Da na koma Lajawa awo na ƙarshe, na tarar an huda ƙofa a gefen murhun, daidai faɗin tafin hannu, kuma lambobinmu duk sun faɗi. Raina ya ɓaci, ban ma tambayi kowa ba. Na rubuta a kundi cewa mai amfani da murhun ta lalata shi, na mayar da kalmar asara inda take, na sa sunan Nafi'u a shafin sadaukarwa. Na ci jarrabawa, yau ga ni ina koyarwa.

Me zai ce da ya ga yau? Wallahi ban sani ba. Gas ya gagari mutane da yawa, an koma itace da gawayi, itatuwan da muka sani a hanyar Achika sun yi ƙaranci. Idon Gwaggo Tabawa ya yi rauni, kuma hayaƙin shekaru yana da hannu a ciki. Idan na dubi wannan sai in ce ni ke da gaskiya, kowane garwashi da ya fita itace ne aka ƙara sarewa. Amma idan na dubi yadda maƙwabta ke gaisawa ta waya alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu, sai zuciyata ta karaya. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar ma sai da dalili take fita.

Abin da ya tayar mini da tsohon mikin shi ne ɗalibata Hauwa'u, wadda ke nata digiri na biyu a kan irin wannan murhu. Ta karanta kundina, ta tambaye ni dalilin da zai sa mace ta fasa abin da ke rage mata wahala. Sai muka tafi Lajawa tare a makon jiya. Murhun yana nan, ya sha yaɓe, ƙofar gefen ta yi baƙi da amfani. Bayan doguwar gaisuwa na yi ƙarfin hali na tambayi Gwaggo dalilin da ya sa ta huda shi.

"Ni? Ina ni ina taɓa aikin boko?" ta ce. "Ai Nafi'u ne ya zo da kansa, kwana kaɗan kafin ya kwanta. Ya ari taɓaryata ya huda, ya ce in ya dawo zai auna ya ga garwashi nawa za a iya bayarwa ba tare da tukunya ta yi kuka ba."

Shekara tara ina ɗora wa tsohuwa laifin da ba nata ba, kuma gwajin abokina na ƙarshe na rubuta shi a matsayin ɓarna. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Yanzu babin Hauwa'u yana kan teburina yana jiran sa hannu. A wancan layin da Nafi'u ya taɓa soke kalmar asara ta bar gurbi, ta ce ni zan faɗa mata kalmar. Kwana shida ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Lissafi bai canza ba, zafin da ya fita ya fita. Amma da idona na ga wata mata ta shigo da kasko muna zaune, ta durƙusa ta gaishe da Gwaggo, ta tambayi lafiyar idonta, ta ɗebi garwashi ta ƙofar Nafi'u ta tafi.

Mutanenmu idan baƙo ya ƙi zama sukan ce masa, ɗiban wuta ka zo? Haka zaman Nafi'u ya kasance a duniya. Sai dai shi bai tafi da wutar ba, ƙofa ya bar mana, ni kuma har yau ban san sunan da zan ba abin da ke fita ta cikinta ba.