Ranar da Aka Tambayi Muradif ɗin Jadda

Mahaifiyata a kambon auduga na Jazira, wato sansanin leburorin gona, ta yi rayuwarta, inda kowa Bahaushe ne, daga mai tsinka har mai ɗaukar buhu. Larabcinta bai wuce na gaisuwa da na awo ba. Da idonta ya fara mutuwa na je na ɗauko ta, na kawo ta gidanmu a unguwar Hajj Yusuf, muka ajiye mata gado a rumfar tsakar gida. Lokacin soja ke mulki, ni kuwa ina sayar da shayi a kasuwar Suk al-Arabi, kullum ido ɗaya kan buta, ɗaya kan hanya saboda 'yan kame. Ban cika wuni a gida ba. Saboda haka 'yata a hannun Inna ta tashi, a bakinta ta koyi magana.

Kai, Allah ya haɗa jinin mutanen nan biyu! Yarinya ba ta ajiye jakar makaranta sai ta ƙwala kira tun daga ƙofa: "Kaka!" Tsohuwa ta amsa, "Na'am, ƙawata, me kika kawo min?" Inna ba ta gani, amma wannan kiran shi ke gaya mata rana ta yi tsaka, shi ke sa ta gyara ɗankwali ta tashi zaune.

A aji uku aka fara koya musu kalmomin nahawu, sai yarinya ta ɗauki abin kamar an ba ta sarauta. Ta dawo ta bi gidan tana raba wa komai matsayi. Tukunya isim ce, wato suna. Dafawa fi'il ne, wato aiki. Tsintsiya ɗaya mufrad, da yawa jam'i.

Inna ta ce, "To ni kuma mece ce?"

"Ke isim ce."

"Isim ɗin gidanku! Ni da na tsinki audugar da ta fi ki nauyi, ba za a sa ni a masu aiki ba?"

Su yi ta dariya har maƙwabta su leƙo. Ni ma daɗi nake ji, ina cewa ga 'yar mai shayi za ta zama ustaza.

Sai aka zo darasin muradif, wato kalmar da ma'anarta ɗaya da wata. Daga baya, da lallashi da tsawa, na ciro labarin daga bakin yarinyar. Malama ta rubuta jadda a allo, sunan uwar uwa ko uwar uba a Larabcin littafi, ta ce wa zai kawo muradif ɗinta. Wata ta ce haboba, yadda Larabawan garin ke faɗi. Malama ta ce da kyau, akwai wata? 'Yata ta ɗaga hannu har tana miƙewa, don ta tabbata tana da wadda babu mai ita. Ta ce, "Kaka."

To, a bakin yaran Larabawa kaka ita ce ƙazantar da jariri ke yi a wando. Na san da wannan, mu duka mun sani, amma wallahi ko sau ɗaya bai taɓa zo min a rai ba cewa kalmar nan da tamu za su haɗu a ɗaki ɗaya. Aji ya kece da dariya. Wasu har da toshe hanci. Abin da ya fi ƙona min rai, malamar ma ta dara, ta kau da kai tana rufe baki da mayafi, sannan ta ce wannan rutana ce, ba lugga ba, yarinyar ta zauna. Rutana shi ne sunan da suke ba duk harshen da ba nasu ba, wato gwaranci. Daga ranar ba a ƙara kiran 'yata da sunanta a filin makaranta ba, sai 'yar kaka.

Ranar ta shigo gida shiru. Inna ta ji motsin takalmi ta ce, "Ƙawata ce?" Yarinya ta ce "Ni ce," ta wuce ɗaki.

Na bar shayina na je makarantar, zuciyata kamar garwashi. Malamar ta tarbe ni da fara'a, har da ba ni kujera. Ta ce yarinyar haziƙa ce, shi ya sa ma ya kamata mu taimake ta, mu rage yi mata rutana a gida don harshenta ya miƙe. Sai ta tambaye ni, a hankali, mu asalin 'yan ina ne. Ni da aka yanke wa cibiya a Jazira! Amma a shekarun nan duk Bahaushen da aka yi wa wannan tambayar ya san ba a nan take tsayawa ba, daga ita sai maganar takardar zama ɗan ƙasa. Na haɗiye abin da na zo da shi, na yi mata godiya, na fito. Har yau godiyar nan tana min ɗaci a baki.

Baban yarinyar ya ce a bar ta, yara ne, za ta manta. Ina! Ta manta da me, alhali kowace safiya ana tuna mata? Ta ci gaba da kai wa Inna ruwa, tana riƙe mata hannu zuwa banɗaki, amma kira ya ɗauke. Sai dai "ga ruwa", "tashi". Da ta ga babu makawa ta fara ce mata haboba, can ƙasa-ƙasa. Inna ba ta juyowa, don ba ta san da ita ake ba.

Wata rana Inna ta kama gefen zanena ta ce, "Ke, gaya min gaskiya, me na yi wa yarinyar nan?"

Ta yaya zan dubi uwata in ce mata sunan da ta yi shekaru tana addu'ar ta rayu ta ji an kira ta da shi, a waje kashi yake nufi? Na ce makaranta ce ta yi mata yawa. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Ban ƙara jin ta ce ƙawata ba.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ya ƙi sauka, muka shigar da gadonta ɗaki. Ɗan Larabcin da ta iya duk ya gudu, sai Hausar kambo, tana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa. Ranar ƙarshe da la'asar maƙwabta suka cika ɗakin. Cikinsu akwai wata Balarabiya, mutuniyar kirki, ta kawo mana kunu, 'yarta na biye da ita. Ajinsu ɗaya da 'yata.

Inna ta buɗe baki ta ce, "Ina jikata? Ba a taso su daga makaranta ba?"

Yarinya tana zaune bakin gadon, hannun tsohuwar na cikin nata. Ta sunkuya ta ce, "Haboba, ga ni."

Inna ta ce, "Wa ake nema? Ku ba baƙuwar wuri."

Na matse cinyar 'yata, na raɗa mata, "Kira ta. Don Allah kira ta yadda ta sani."

Ta ɗago ido ta dubi 'yar ajinsu da ke tsaye jikin ƙofa. Na ga leɓenta ya buɗe, hawaye na zuba har haɓa. Babu abin da ya fito.

Inna ta zare hannunta a hankali, ta juya fuska bango, ta ce min, "In ta dawo, ki ce na jira ta."