Cokali Goma Sha Biyu a Gorar Mai Keke

Safiyar Asabar ce, ina zaune kan bencin Lantana mai koko a Tungan Maje, sai ga wani dattijo ya jingine keke siriri kamar an zana shi da biro. Gemunsa fari fat, ƙwaurinsa kuwa sai ka ce na ɗan shekara ashirin. A jikin ƙarfen keken ya manna dabino shida da salatif.

Ba koko yake so ba. Gorar ruwansa yake miƙa mata, yana cewa, "Hajiya, sukari cokali goma sha biyu, da ɗan gishiri."

Lantana ta tsaya a na bakwai. "Alhaji, kana da iyali fa. Ciwon suga ba wasa ba ne."

Dariya yake yi. "Ƙarasa, Hajiya. Kafin in wuce Sheda ya ƙone. Ranar da na rage, ƙafafuna suka mutu a hanya, a bayan a-kori-kura aka dawo da ni, ni da keken."

Ya matse lemun tsami a ciki, yana girgiza gorar kusa da kunnensa. Ina zaton a ofishinsu shi ne mai shan shayi ba sukari, mai yi wa matasa faɗa kan lemon kwalba. Agogonsa ya yi ƙara, ya ɓalle dabino ɗaya, ya haye, ya miƙe hanyar Gwagwalada.

Lantana ta ciko cokali da sukari ta nufo kofina. Na dubi motata, na dubi tumbina, na dafe bakin kofin.