Ƙwaryar Irin Mama

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, kuma har yau in na doshi gonarta a Paikon Kore sai kunya ta kama ni.

Lokacin da take raye, a idona gonar nan hargitsi ce. Ga doya, ga kuɓewa a gindinta, wake na bin ƙasa, kabewa ta miƙe ƙafa inda ta ga dama, dawa da riɗi da yakuwa kowa na cin gashin kansa, tsohuwar ɗorawa a tsakiya. Ƙananan irin ma a ƙwarya ɗaya take haɗa su. Ni da na ɗan yi boko na samu kujera a ofis, na taɓa ce mata, "Mama, wannan gona ce ko kasuwa?" Ta yi dariya ta ce, "Oga, in ɗaya ya yi fushi, ɗaya zai ba ka abinci."

Daminar farko bayan rasuwarta na kawo tarakta, na sare ɗorawar, na shuka masara zalla, layi-layi. Ƙwaryar irin kuwa na watsa wa kaji. Shekara biyu ina ƙafafa. A ta uku ruwa ya ɗauke, tsutsa ta shiga masarar, ciyawar wuta-wuta ta ƙarasa saura. Gidajen ƙannena uku da gonar nan suke ci, ranar girbi na kasa haɗa ido da su. A ƙetaren iyaka, gonar Mama Ladi, aminiyar mahaifiyata, ita ma dawarta ta sha wuya, amma ta kwashi wake da kabewa da doya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Yanzu a manyan otal na Abuja ake taro ana faɗa mana cewa wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa na riƙe laima, ƙwaro kuma ba ya samun shimfiɗa in tsiro ya bambanta. Da Mama na nan, na san tambaya ɗaya za ta yi: su waɗannan sun taɓa riƙe fartanya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne irin. Babu shi a kasuwa, tun daga kakarmu yake, kuma ni na kashe shi. Bana na daure na je wurin Mama Ladi, wadda yanzu da sanda take tafiya, na faɗa mata gaskiya. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya.

"Na uwarka ne," ta ce. "Ita ta ba ni. Ɗana, ka shuka yadda yake. Kada ka tsince."