Kwandon Laraba

Shekarar da gero ya ƙi mana a Fassi, autata tana wata goma sha takwas, ta daina tafiya ta koma rarrafe. Na roƙi babur na kai ta asibitin Kibiya. Ma'aikaciyar ta zagaya mata abin awo a damtse, ya tsaya kan ja. Aji huɗu na yi, amma wannan ba sai an karanta mini ba.

Akwai wata ƙungiya da ke karɓo kayan lambu daga masu noman rani tana raba wa irinmu duk Laraba. Alayyahu, karas, tumatir, kabewa, wani lokaci har ƙwai. Aka ja mini kunne cewa na yarinyar ne da uwarta.

To, mu gidan gandu ne. Duk abin da ya shigo ta zaure, ɗakin mahaifiyarmu yake fara zuwa, ita take kasawa, ko da karan rake ɗaya ne. Haka na tashi na gani. Inna ta kasa kwandon nan gida shida. Namu ya zo, ƙullin alayyahu da karas biyu. Matata ta dube ni kawai. Matar ɗa ba ta magana a kan rabo.

Sati uku ana haka. Na sami Yaya a gona na yi masa magana, ya ce su ma 'ya'yansu ba ƙasa suke ci ba. Gaskiya ya faɗa. Yarinya kuwa ƙafa ta fara kumbura, kukan ma ba ya fita.

Laraba ta huɗu na gifta ta ƙofar ɗakin Inna da kwando a hannu, ban tsaya ba. Tana zaune a tabarma.

"Kai, hanya ka ɓata?"

"Na yarinya ne, Inna."

"To. Ashe ni bare ce."

Na shige ɗakinmu na tura ƙofa. Matata ta dafa a kurfoti cikin ɗaki, kamar kayan sata. Yarinya ta ci cokali uku ta kau da kai. Na durƙusa ina lallashin na huɗu, 'ya'yan Yaya suna bakin ƙofa suna jin ƙamshi. Ban buɗe ba.

Yarinyar ta rayu. Inna ta yi damina biyu bayan nan, ko goro ba ta sake karɓa daga hannuna ba har ta rasu.