Dabo da Na'urar Masu Ciki

Dabo taubashina ne, don haka ina da izinin tona shi. Dillalin shanu ne a karar Daura, irin wanda zai shafa haƙarƙarin bijimi ya rantse maka lafiyarsa lau, ko da bijimin na tari a gabanka. Abin da ya fi yi wa ba'a a duniya shi ne sikanin. A wurinsa, duk namijin da ya kai matarsa aka shafa mata mai a ciki aka leƙa abin da Allah Ya rufe, mijin-ta-ce ne. Ya daɗe yana wannan wa'azi a gindin darbejiya, alhali ba wanda ya taɓa naɗa masa rawanin malanta.

Shekarar korona tari ya kama shi. Ya sha tazargade, ya yi sirace, ya sha citta har gidan ya koma warin teburin mai shayi. Ranar da ya kasa kai Fatiha ƙarshe sai da ya huta, matarsa Barakatu ta kira ni muka kai shi asibiti. Aka killace shi, mu kuma aka bar mu da leƙe ta taga.

Da safe Likita Fadila ta turo wata na'ura bakin gadonsa. Ta yi masa bayani cewa kullum za ta riƙa ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙarinsa tana duba huhu. In fararen layuka suna zubowa a allon kamar ruwan sama, huhun na jiƙewa ke nan, in sun ƙaru kuwa dole a hanzarta kafin numfashi ya gagara. Dabo na ganin kwalbar man ya gane na'urar. Ya ƙanƙame rigarsa, ya ce shi ba juna biyu gare shi ba, in labarin ya isa kara ya shiga uku. Likita ta lallashe shi, ya ƙi. Na zage shi tas ta taga, ya ƙi. Leɓɓansa kuwa sai ƙara duhu suke yi, ni kaina tsoro ya kama ni.

Sai Barakatu ta matso jikin tagar, ta yi magana a hankali.

"Malam, lokacin cikina na fari ka hana a duba ni, na haƙura. Da an duba, da an san yaron a gicciye yake. Aka kai shi makwancinsa ban ce maka uffan ba. Ba zan sake haƙura ba. Ɗaga rigar."

Ya ɗaga. Layukan sun cika allon fal. Nan take aka sa masa iskar numfashi, aka kwantar da shi ruf da ciki. Bayan 'yan kwanaki shi da kansa ke tambayar likita ko ruwan ya fara ɗaukewa, har ya ɗauke.

Ni na kai labarin kara, ai haƙƙin taubasantaka ne. Yanzu Mai Jego ake kiransa, yana kuma amsawa.

Bara 'yarsu Zaituna ta samu ciki. Dabo ya ajiye kunyar uba, ya tasa mijinta a gaba har ɗakin sikanin, ya zauna a benci cikin mata. Barakatu ta ce da aka fito aka gaya musu kan yaron yana ƙasa, lafiya lau, sai Dabo ya juya fuskarsa ga bango, ya daɗe bai juyo ba.